Ranar Dankali, Ranar Tsuntsaye: Wa Ke Sa Su, Kuma Me Za a Yi da Su a Jos?

Tambaya: Baba Malam, barka da war haka. Ni haifaffen Jos ne, amma aiki ya riƙe ni a Abuja. Kusan kullum in na buɗe Facebook sai in ga an ce yau ranar kaza ce ta duniya: ranar rediyo, ranar shayi, har da ranar dankali. Wa ke sa waɗannan ranaku? Kuma akwai yadda mutum zai ci moriyarsu shi da iyalinsa, ko duk shiririta ce ta intanet? Yarana uku, ina so su san garinsu.

Amsa: Barka kadai, ɗana. Allah ya raya zuri'a. Na shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da tarihi a sakandare a nan Jos, kuma yawancin fitar da na yi da ɗalibai, da irin waɗannan ranaku na fake. Shugaban makaranta ba ya ba ka mota don ka ce kana son yara su sha iska. Amma in ka ce masa ranar 18 ga Mayu ranar gidajen tarihi ce ta duniya, sai ka ga ya jawo biro. Amfaninsu na farko ke nan a wurina: hujja ce ta fita. Ranar da ba ta sa ka ɗaga ƙafa ba, ko ta zaunar da kai gaban wani dattijo ba, to ba ta wuce hoton da ake turawa a WhatsApp ba.

Masu sa su ba ɗaya ba ne. Akwai na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumominta irin su UNESCO mai kula da ilimi da al'adu, da FAO mai kula da abinci da noma. Ƙasa ce ke kawo shawara, a tattauna, a amince, kuma galibi akwai abin da ya faru a wannan kwanan wata. Ranar harshen uwa, 21 ga Fabrairu, ta samo asali ne daga birnin Daka, inda 'yan sanda suka harbe ɗalibai a 1952 saboda suna neman a amince da harshensu na Bengali. UNESCO ta ayyana ranar a 1999. Ranar gidan waya, 9 ga Oktoba, ranar da aka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya ce a 1874 a Suwizalan. Ranar rediyo, 13 ga Fabrairu, ranar da aka buɗe rediyon Majalisar ce a 1946. Waɗannan suna da saiwa. Sai kuma tarin da ke zuwa daga Amurka, na alawa da biskit da su ranar kwaikwayon maganar 'yan fashin teku, waɗanda 'yan kasuwa ko masu barkwanci suka ƙirƙiro. Ka yi dariya ka wuce. Kashi na uku shi ne wanda jama'a suka sa wa kansu ba tare da neman izinin kowa ba, kamar Ranar Hausa, 26 ga Agusta, wadda matasa suka fara a shafukan sada zumunta a 2015, yau ga shi ana yin ta har a fadojin sarakuna da ƙasashen waje.

Na san wani zai ce ai Idi biyu gare mu. Haka ne, kuma ni ban taɓa kiran waɗannan Idi ba. Ba a ɗinka musu kaya, ba a yanka musu komai. Ranakun tunawa ne, kamar yadda ake sa ranar rigakafi ko ranar dashen itatuwa. Hukunci kuwa na malaman addini ne, ni malamin tarihi ne.

To, in ɗaya kawai za ka ɗauka bana, ɗauki 18 ga Mayu. Ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ce ta sa ta tun 1977, kuma kai ɗan garin da ke da ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen tarihin Nijeriya ne. An buɗe gidan tarihin Jos a 1952, kuma kuza ce ta haife shi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, aka ajiye, ba wanda ya san darajarsa. A 1943 aka sake tono wani a wajen Jama'a. Wani ma'aikacin wurin haƙar ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi a matsayin mutum-mutumi don korar tsuntsaye. Daga can aka kawo shi Jos wurin Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da ya karanta ilimin tono kayan tarihi. Shi ya lura da kamannin da ke tsakanin kawunan biyu, ya shiga bin ramukan kuza yana roƙon leburori kada su fasa abin da suka tono. Abin da duniya ke kira al'adun Nok ke nan, aikin hannun mutanen da suka rayu sama da shekara 2,000 da suka wuce, waɗanda kuma suka san narka ƙarfe. Duk shekara in na ba yara labarin gonar doyar nan, sai wani ya tambaya ko tsuntsayen sun ji tsoro.

Kada ka shiga da su ɗakin kayan yumɓu kai tsaye, za su gaji. Fara da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da ke harabar. Na ga yaro ɗan aji ɗaya ya tsaya a tsakiyar irin wannan siririn dogo, ya buɗe ƙafafunsa ya taka ƙarfen dama da na hagu a lokaci guda, yana ihu wai jirgin wasan yara ne. Ba na wasa ba ne. Faɗin dogon ƙafa biyu da rabi ne kacal, kuma shi ne ya taso daga Zariya ya hau dutse ya iso Jos da Bukuru a 1914. Ana kiransa dogon Bauchi domin a lokacin Jos tana ƙarƙashin lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke lardin Filato. Kafin dogon nan, a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi ta tafiya da ita kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai, a zuba a jirgin ruwa. Da babban dogo ya iso ta Kafancan a 1927, sai kasuwar ƙaramin ta fara ja da baya, aka rufe shi a 1957. In kun gama da jirgi, ku gangara wajen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa zalla. Yaron da aka haifa a gidan bulo a Abuja ya kamata ya sa tafin hannunsa a jikin bangon ƙasa, ya ɗaga kai ya ga yadda ake ɗaurin guga da azara.

A nan fasaha ke shigowa, kuma ba sai ka sayi komai ba. Da dare, bayan kun dawo, ka buɗe Google Earth a wayarka, ka nemo Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi daga sama. Za su ga kududdufai birjik, wasu kore, wasu shuɗi, kamar an yayyafa su. Kowane ɗaya ramin kuza ne da ruwa ya cika. Sai ka juya wayar ka ce musu dalmar da mai gyaran waya ke narkawa yana liƙa ƙananan wayoyin ciki, akasarinta kuza ce. Ka ƙara musu da cewa ba Turawa ne suka fara gano ta ba: tun kafin su zo, maƙeran Riruwai suna narka ta su mai da ita siraran sanduna, fatake su kai kasuwanni. Wutar lantarkin kamfanin NESCO ma da tsofaffin Jos ke yabo, ta Kurra Falls, don injinan haƙar kuza aka kafa ta, mutanen gari daga baya suka samu. Amma ka ja musu kunne: waɗannan kududdufai na kallo ne daga nesa. Suna da zurfi, gefensu na zaftarewa, kuma sun ci yara da yawa.

Yanzu ranar dankalin da ta ba ka dariya. Ita ce ƙarama a cikinsu: a ƙarshen 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da 30 ga Mayu, aka fara yin ta a 2024, kuma ƙasar Peru ce ta kawo shawarar, domin a tsaunukan Andis na can aka fara noma shi dubban shekaru da suka wuce. Ka ga abin da muke kira dankalin Turawa, ko Airish a bakin 'yan kasuwar Farin Gada ta Jos, ba na Turawa ba ne, ba kuma na Ailan ba ne. Baƙo ne a wurinsu kamar yadda yake baƙo a wurinmu. Sunan Ailan ya manne masa ne saboda yadda talakawan ƙasar suka dogara da shi, har cutar da ke ƙona ganyensa ta faɗa musu a 1845, yunwa ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya. Wannan cutar dai ita ce manoman Bokkos da Mangu ke kuka da ita in damina ta yi nauyi da hazo. Abin da ya sa ya karɓi ƙasarmu kuwa sanyi ne: Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, dankali kuma ba ya son zafin dare. Ƙarshen Mayu gonaki sun yi kore shar. In hanya ta yi kyau ku leƙa wajen Kuru, inda ake binciken irinsa; in ba hali, Farin Gada ta ishe ku. Ka sa kowane yaro ya tambayi mai sayarwa daga wane gari buhun ya zo, nawa ne kuɗin mota, wane iri ne ya fi jure ajiya. Ku sayo, uwarsu ta soya. An yi ranar dankali.

Wadda ni na fi so, ba kowa ya san da ita ba: ranar tsuntsaye masu ƙaura. Sau biyu ake yin ta a shekara, Asabar ta biyu a watan Mayu da Asabar ta biyu a watan Oktoba, domin tafiya da dawowa. A Laminga, gabas da Jos, akwai dajin Amurum, kuma a cikinsa akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. A duwatsun nan ne aka gano wani ɗan jan tsuntsu dangin ba'u wanda masana ba su rubuta shi a littafi ba sai a 1998. Na taɓa kai yara da sassafe, sanyi na kaɗa mu, muka tarar an kama wani ɗan tsuntsu a raga mai laushi. Aka auna fiffikensa, aka sa shi a 'yar jaka aka ɗora a sikeli, aka maƙala masa zobe mai lamba a ƙafa. Mai aikin ya ce wannan daga Turai ya taso, ya ƙetare teku da Sahara. Wata yarinya ta karɓe shi a tafin hannu kafin a sake shi, ta ce, "Malam, ai bai kai nauyin kwalin ashana biyu ba." Ta yi shiru tun daga nan har muka hau mota. Ta Oktoba ta fi dacewa da ganin baƙin Turai, don lokacin suke isowa. Ta Mayu kuwa ta shamuwa ce, wadda kakanninmu suka daɗe da sanin cewa zuwanta albishir ne na damina, tun ba a ƙirƙiro wata rana ba. Akwai manhajar Merlin da ke taimakawa wajen gane tsuntsu daga hotonsa, amma ka fara tambayar yaran ƙauyen sunansa da harshensu, sun fi waya saurin amsa. Cibiya ce ta karatu, ba wurin shaƙatawa ba, saboda haka a nemi izini kafin a je.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Asabar ta ƙarshe a watan Afrilu ta likitocin dabbobi ce, ga kuma Vom a kusa, inda aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a 1924 saboda bushiya, annobar da ta sha share garken Fulani. A 2011 aka ayyana cewa an kawar da ita daga duniya, ita ce cuta ta biyu bayan agana. Ranar talabijin 21 ga Nuwamba ce, kuma gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato a nan Jos shi ya fara nuna hoto mai launi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970, a Jos ɗin kuma aka ƙaddamar da gwajin komawa tsarin dijital ranar 30 ga Afrilu, 2016. Ranar 27 ga Oktoba ta adana tsofaffin sauti da hotuna ce, hedikwatar hukumar fina-finai ta ƙasa kuma a garinku take.

Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi ci mini rai, bari in gaya maka dalili. Akwai wani tsoho a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, wanda aka kawo shi Jos yana saurayi a lokacin yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ramukan Filato. Shi ɗiban gwamna yake kiran abin. Wata ranar 27 ga Oktoba na zauna da shi a zaurensa, na ajiye waya a kan tabarma, ya yi magana fiye da awa ɗaya: yadda aka tara su a ƙofar hakimi, kwanon da ake ɗaukar ƙasa da shi a ka, sanyin Disamba da bargo ɗaya, waƙar da suke yi in sun jera suna hawowa daga rami. Har ya rera mini ita da muryarsa da ta dushe. Na ce gobe zan kwafe a kwamfuta. Gobe ta zama jibi, wayar ta faɗa ruwa, kafin shekara ta zagayo tsohon ya rasu. Abin da ya rage mini ɗan abin da na riƙe a ka ne, waƙar kuwa ta tafi. Saboda haka in ka naɗi muryar wani, kafin ka kwanta a daren ka tura ta wuri biyu: imel ɗinka da wayar wani ɗan'uwa. A farkon naɗin ka faɗi kwanan wata da wuri da sunan mai magana, ka kuma nemi yardarsa. Ka kashe fanka, ka matso da wayar kusa da bakinsa, kada ka katse shi in ya yi shiru, don bayan shirun ne maganar kirki ke fitowa.

Daga nan za ka gane cewa ranakun da suka fi amfani gare ka ba su cikin jerin kowa. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala ya ba da sanarwar ƙirƙiro jihar Filato, kuma a wannan jawabin ne ya ce za a mai da babban birnin ƙasa Abuja. Jihar haihuwarka da garin aikinka rana ɗaya suka samu matsayinsu, me ya fi wannan dacewa da gidanka? Ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta tare a Abuja. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, aka yi canjin hannu, motoci suka koma dama. Ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Duk wanda ya haura sittin a danginku yana da labarin waɗannan biyun, kuma yawanci na ban dariya ne. Ka sa su a kalandar wayarka, ka zaɓi ta riƙa tuna maka duk shekara, ka ƙara da na gida: ranar da kakanku ya sauka a Jos, in an sani, ko ranar da aka tare a gidan gado.

Kada kuma ka manta da namu na gargajiya da ke shuɗewa. Yaran Abuja nawa ne suka san cika-ciki, ko suka ga tashe ido da ido bayan azumi ya kai goma? Takutaha a Kano, mako ɗaya bayan Mauludi, da hawan Dala. Sallar Gani a Daura. Su da watan Musulunci suke tafiya, kowace shekara suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, don haka kalandar Hijira za ka kunna a wayar. Bukukuwan maƙwabtanmu kuma, Nzem Berom da Puus Kaat na Mwaghavul da Puusdung na Ngas, masu shirya su ne ke sanar da rana duk shekara. In za ka je, ka je da abokin da ɗan gida ne, ka tambaya kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, domin ba kowane abu ake ɗauka ba.

Ita kanta hanyar daga Abuja darasi ce, in ba ka mai da ita tsere ba. Ta Keffi da Akwanga za ku bi ta gindin Hawan Kibo, ga ruwan Assop yana zubowa, in kun hau kuma ga duwatsun Riyom da aka ɗora kamar da hannu. Ka sa yara su sauke gilashi tun daga ƙasa, su faɗa maka inda iska ta fara sanyi. Ɗaya hanyar ta Kwoi da Kafancan kuwa tana ratsa ƙasar Jaba, inda ƙauyen Nok ɗin yake. Ranar da aiki ya hana ku tasowa, ka ciro naira ashirin ka nuna musu Ladi Kwali a bayanta, ka gaya musu cewa a Suleja ta yi aikin tukwanenta, garin da shi ne Abuja na asali kafin ya ba da sunansa, sannan ku tafi Ushafa su ga mata na ginin tukunya.

Abu biyu zan roƙe ka. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka buga waya tun ana saura mako, domin na taɓa cika mota da yara arba'in muka je wani wuri muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai mabuɗin ya tafi biki. Sannan ka san halin da ake ciki a wasu ƙananan hukumominmu. Kafin ka nufi Bokkos ko Mangu ko Riyom ko Barikin Ladi, ka tambayi wanda ya kwana can jiya, ba wanda ya karanta a Facebook ba. Ku fita da hantsi, la'asar ta same ku a gida. In an ce a dakata, a dakata, ranar za ta sake zagayowa baɗi.

Ka zaɓi uku kawai a shekarar farko: 3 ga Fabrairu a falonka na Abuja da kiran bidiyo zuwa ga tsofaffin gida, 18 ga Mayu a gidan tarihi, sai Asabar ta biyu a Oktoba a Laminga. Ka ba babban yaron littafi da biro, na tsakiya ya riƙe waya, ƙaramin a bar shi ya yi ta tambaya. In kun shigo a Mayun ka yi mini magana, zan raka ku wajen jiragen. Ku taho da rigunan sanyi da lema, don ruwan Jos ba ya sallama, kuma ka gaida mini da mai ɗakinka.